Goyon Inna a Hanyar Katabu

Babur ɗina na farko a hannun wani Bature na saye shi, wanda wa'adin aikinsa ya ƙare zai koma gida, ana saura 'yan shekaru Arewa ta karɓi mulkin kanta. Ina akawu a lokacin a wani ofishin gwamnati a Kaduna, ina zaune a Unguwar Kanawa da matata, ga aure sabo, ga ƙuruciya tana ɗibata. Babur ɗin baƙi ne wuluk, ga nauyi kamar bijimi, in kuwa ya tashi kowa a unguwa ya san na farka. Baturen bai rufe ni ba, ya ce abin yana da taurin kai, sai da lallashi. Na ce na ji na gani. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Ranar Asabar in an tashi daga ofis, sai in shimfiɗa tsohuwar tabarma a ƙofar gida in zauna masa. In cire fulogi in kankare, in wanke sarƙa da kananzir, in bi taya ina duba inda ƙaya ta shiga. Matata ta gaji da cigiyar tsummokaranta da ƙananan kwanoninta, takan ce da ita nake yi wa wannan hidima da tuni ta yi ƙiba. Lahadi kuma ranar fita ce. In wuce Kawo, in bar Rigacikun a baya, iska tana kumbura mini riga, har Katabu inda mahaifiyata take.

Ni a ganina abin yawo da taƙama na saya, ashe unguwa ta riga ta yanka mini wani aiki. Mutanen Unguwar Kanawa a wancan zamani kusan duk zuwa suka yi, aiki ko ciniki ko karatu ya kawo su, iyaye da dangi suna can ƙauyuka. Mu kuwa ba ma ajiye gawa. In mutum ya cika da safe, kafin rana ta faɗi yana makwancinsa, in kuma ka ce sai wayar tangaraho, sai an yi sadakar uku saƙon bai sami mai shi ba. To wata safiya wani maƙwabcinmu tela ya rasu, liman ya dube ni a cikin jama'a ya ce, “Malam akawu, kai ne mai ƙafa a cikinmu.” Na tafi na ɗauko wansa daga wani ƙauye a bayan Rigacikun, muka riski salla. Daga ranar shi ke nan, ko ina ofis sai a aiko.

Aikin yana da ƙa'idarsa. Ba ka faɗa wa gidan mutane kai tsaye da irin wannan labari. Sai ka fara neman liman ko wani dattijo ka gaya masa a gefe, shi ya san yadda zai shiga da shi, kai naka ka tsaya a waje ka jira wanda za ka goya. Abin da ban yi tsammani ba shi ne ƙauyukan nan su haddace muryar babur ɗina. Da farko yara ke bi na da gudu suna ihu. Daga baya na lura in na doso gari daka tana tsayawa, maza su miƙe daga inuwa, kowa yana kallon gidan da zan nufa. Akwai ranar da na ratse wani ƙauye don ƙishi kawai, ban ko sauke ƙafa ba wata mata mai ɗa a bariki ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Raina ya ɓaci, na sha ruwan ina faɗa, na ce shin ni ba a aike na da labarin suna ko na biki ne? Wani tsoho ya ce, “Ɗan nan, labarin daɗi ba ya sauri, goro ne ke kai shi a ƙafa.” Na buga babur na yi gaba da haushina.

Inna ita kaɗai ce a gidanmu na Katabu tun rasuwar Baba, ita da awakinta, ta ce ba mai kai ta birni ya zaunar da ita a ɗaki kamar kaza mai kwanci. Cikin 'ya'yan da ta haifa mu biyu Allah ya bar mata, Yaya 'yar fari da ni auta. Ni na kai mata labarin rasuwar ƙanenta, ni na kai na aminiyarta. To wata Lahadi na shiga garin da ƙarata yadda na saba, da tsarabar sukari da sabulu, na tarar da ita zaune dirshan kusa da turmi, hatsi ya zube, kaji suna ci ba ta kore su ba.

Na ce, “Inna, lafiya?”

Ta ce, “Ni zan tambaye ka. Wane ne kuma?”

“Ba kowa. Gaishe ki na zo yi.”

Ta daɗe tana kallona, sannan ta sauke numfashi ta ce, “Auta, ko ka kashe abin nan ko shi ya kashe ni. Ji abin da za a yi. In lafiya ne ya kawo ka, ka kashe shi tun daga tsamiyan bakin gari, ka turo shi shiru. In ba lafiya ba, ka shigo mini da kukanshi har ƙofa, kafin in ga fuskanka na riga na shirya.”

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Haka kuwa aka yi. Duk Lahadi in na kai tsamiya sai in kashe inji in sauka, in turo wannan ƙaton ƙarfe cikin yashi ina gumi, ita kuwa tana ƙofar gida tana mini tsiya, wai ga mai abin hawa abin hawa ya hau shi. Ban damu ba. Na fi son in iso a jiƙe in same ta tana dariya.

Sai in faɗi yadda suke da Yaya. Kunyar ɗan fari kowa yana yi, amma ta Inna ta wuce misali. Tun da aka yaye Yaya kakarmu ta ɗauke ta. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata magana ido da ido ba. In Yaya ta zo gida, sai Inna ta juyo wajena ta ce, “Ka ce ma mutanen nan tuwo na ɗaki,” alhali mutanen nan ga su zaune kusa da ita. Amma ban taɓa barin Katabu ba kaya a bayan babur ba. Daddawa, kuka, man shanu, a ɗaure mini a ce, “Ka miƙa gidan can. Ba don komai ba, lalacewa zai yi a nan.” In na kai, Yaya ta kwance ƙullin ta shinshina ta ce, “Auta, ka ji Inna tana gaishe ni.” Da dariya take faɗa, amma na san abin yana cin ta, don ta taɓa ce mini ita fa ba ta san yadda sunanta yake a bakin uwarta ba.

Yaya tana aure a nan Unguwar Kanawa, kusa da ni. Mijinta mai koyar da allo ne, mutum mai sanyin magana, Malam kowa ke ce masa. Haihuwa ba ta zauna mata ba, ciki ya zo ya zube, har shekaru suka ja. A wannan shekara sai Allah ya sa ciki ya tsaya, ya kai watansa a tsakiyar bazara, lokacin da ko da safe bango zafi yake yi.

Ranar Lahadi ce. Matata tana ciki tun asuba, ni da Malam muna zaurensa muna jira, ina ta raya yadda zan turo babur daga tsamiya ina fito. Da hantsi muka ji kukan jariri. Ban gama murna ba sai salatin mata ya biyo baya, irin wanda na fi kowa sanin ma'anarsa. Jaririya ta zo da rai. Yaya jini ya ɓalle mata, ungozoma ta yi iya yinta, kafin a yi shawarar asibiti ta cika.

Malam ya shiga ya fito, idonsa a bushe, ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce, “Ka ɗauko Inna. Har ta cika ita take tambaya. Ta zo ta dafa kanta ta yafe mata kafin a rufe fuskar. Ka ga zafin da ake yi. Zan riƙe mutane zuwa la'asar, abin da ya wuce nan ba ni da iko da shi.”

Lokaci ya isa har da saura. Na hau ina kuka iska tana share mini, kuma abu ɗaya ne ya ɗan sanyaya mini zuciya, wannan karon ba sai bakina ya fara ba. Zan shiga da ƙara har ƙofa, Inna ta ji, ta zauna, ta shirya, kamar yadda ta roƙa.

Na wuce Rigacikun sai babur ya fara tari. Ya ja, ya saki, ya ja, ya saki. Na lallaɓa shi, na yi masa magana kamar mai ji, na ce yau kam ba ranar halinka ba ce. Ina hango tsamiyar Katabu can nesa ya yi shiru. Na yi ta bugawa har cinyata ta sage. Na cire fulogi a tsakiyar rana na goge na mayar, ko uffan. Mota kuwa a hanyar Zariya ranar Lahadi sai an dace. Ba abin da ya rage sai turi. Na ce a raina in na shiga gari zan kewaya ta bayan masallaci in fara samun liman.

Ban sami kewayawa ba. Inna tana bakin hanya tun kafin gida, wai akuya ta fito nema, alhali ta san watan Yaya ya kama. Ta hango ni ina turo babur shiru daga tsamiya, kamar kowace Lahadi. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda fuskarta ta washe, ta saki igiyar hannunta, ta taho da sauri kamar yarinya.

“Lale da Auta! Sannu da rana, sannu da turi.” Ta kawar da kai gefe, ta ce, “An sauka?”

Na ce, “An sauka.”

“Me aka samu?”

“Mace.”

“Alhamdu lillahi! Na yi ƙawa.”

Maƙwabciyarta ta ji, ta rangaɗa guɗa, wata ta amsa daga bayan danga. Na tambayi liman, aka ce shi da dattawan gari duk sun tafi ɗaurin aure wani ƙauye, sai yamma. Gaba kura, baya sayaki. In na faɗa mata yanzu, ga babur a mace, zan bar ta zaune da wuta a ciki tana kallona ina kwance ƙusoshi, ba ta da ƙafar zuwa. In na yi shiru, kowace dariyarta ina jin ta kamar ana yanka ni. Ita kuma kunya ba za ta bar ta ta ce yaya mai jego ba, wanda da ta tambaya da na huta. Na zaɓi shiru har inji ya tashi. Na ce mata babur yana ɗan tari, bari in duba shi kafin in zauna. Ta ce idona ya yi ja, na ce iska ce.

Na jingine shi a inuwa a tsakar gida na kwance jakar sifana. Inna ta dama fura, na karɓa na ajiye a gefe. Na gane mai ne ba ya isa inji, sai na kwance kafireta, 'yar tukunyar nan da fetur ke bi kafin ya shiga. Aikin da nake yi ranar Asabar ina hira da masu wucewa, ranar nan ya nemi ya gagare ni. Ina cikin haka wani ɗan noti, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya suɓuce ya faɗa yashi.

Na rarrafa na laluba, babu. Inna ta durƙusa tana dariya ta ce, “Ɗan boko da rarrafe! Matsa ka gani.” Ta ɗauko faifai ta riƙa ɗibar yashin tana bakacewa kamar tsaba, a hankali, tana 'yar waƙarta ta daka, ni kuwa ina kallon inuwar bango tana tafiya. Ban taɓa tsanar wani abu ba kamar yadda na tsani wannan ɗan ƙarfe. Da ta tsinto shi ta ɗaga sama ta ce sai na ba da tukwici.

Azahar ta yi. Na yi salla a bayan rumbu, na daɗe a sujada don kada ta ga fuskata. Da na fito na tarar ta jera kaya a tabarma, kanwa, yajin jego, surfaffen gero na kunu, man shanu, da zanen goyo na saƙi sabo fil da majanyinsa. Wannan ba shirin kwana ɗaya ba ne.

Ta ce, “Ba wai tanadi na yi ba. Na gan su ne a ɗaki suna tare mini wuri.” Ta shiga ɗaurewa, kanta a sunkuye, sannan ta ce, “Akwai dai mai dafa ruwan wanka a gidan can ko? Kar su yi wasa da ruwan zafi.”

Na ce, “Akwai, Inna.”

Ban yi ƙarya ba. Na baro matan gidan suna ɗora ruwa a murhu.

Datti ne ɗan mitsitsi ya toshe ƙofar da mai ke bi. Na roƙi allura ta ba ni, na tsokale, na hura, na ɗaga na ga haske ta ciki. Na mayar da komai na ɗaure. Rana ta riga ta karkata. Na yi bisimilla na buga, ya yi tari. Na sake, ya kama da ƙarar da ta cika gidan, kaji suka watse.

Inna ta toshe kunne tana dariya, ta ɗaga murya ta ce, “To ya tashi, kashe shi! Kashe mana, ka san ba na son kukanshi a gidan nan!”

Ban kashe ba. Na tsaya riƙe da shi ina kallonta, na ƙara murɗa masa mai, hawaye suna zuba ban share ba. Na ga dariyar tana barin fuskarta a hankali, hannuwanta suka sauka daga kunne. Ta dubi babur, ta dubi hanyar tsamiya, ta dube ni. Na sassauta mai don mu ji juna.

Ta ce, “Ba kai ka kashe shi ba. A hanya ya mutu maka.”

Na ce, “E, Inna.”

“Jaririyan?”

“Tana nan da rai. Yaya ce.”

Ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ba ihu ba faɗuwa. Na gaya mata abin da Malam ya ce. Ta ɗaga kai ta dubi rana. Wannan mata da ta rantse ƙafarta ba za ta taɓa hawa abin nan ba, ta shiga ɗaki ta yafo mayafi, ta tsallake kayan da ke tabarma, ta kama kafaɗata ta hau.

Na yi gudun da ban taɓa yi ba, ban kuma sake yi ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta manna goshinta a bayana tsakanin kafaɗu, kuma tun kafin mu fita gari na ji tana magana. Ba na jin ko kalma, ƙarar inji da iska sun cinye, sai dai motsin haɓarta a bayana da ɗumin numfashinta ta cikin riga. Na ɗauka addu'a ce. Amma na san yadda addu'a take tafiya, wannan kuwa tana tsayawa, ta ci gaba, wani wurin ta yi sauri, wani wurin har na ji kamar 'yar dariya ta girgiza ta. Na waiwaya na ce, “Na'am, Inna?” Ba ta kula ni ba. Haka har Kawo, inda na ga mutane suna fitowa daga masallaci suna saka takalma, an idar da la'asar ke nan.

Muna shiga unguwa muka haɗu da maza suna dawowa, ƙafafunsu da jar ƙasa, ana ɗauke da makara ba kowa a kai. Malam ya cika alkawarin la'asar har ya ƙara, sai da dattawa suka yi masa magana. Ya durƙusa gaban Inna a kan hanya. Ita ta ce masa, “Ka kyauta, Malam. Haƙƙinta ne a gaggauta.” Ta sauka, ƙafafunta sun sage sai da na riƙe ta, ta shiga ciki ta karɓi jaririyar. Mata suna kuka, ita ba ta yi ba, don ko a nan ba ta yarda a gan ta ba. Ni na koma bayan gida na shuri babur ɗin nan har na fasa yatsa. Mutuwa ta Allah ce, wannan na sani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Yaya ta tafi tana tambaya, Inna ta zo ba ta samu ba, kuma ba abin da ya raba su sai datti da bai kai ƙwayar gero ba.

Inna ta zauna a gidana. Jaririyar wata ƙanwar Malam mai goyo ke shayar da ita, da rana a kawo wa Inna ta goya. Bayan sadakar arba'in, wata Asabar na shigo da babur tsakar gida ina wanke shi, don na ƙudura in sayar in huta. Na gaya wa Inna. Sai na tambaye ta abin da ya daɗe yana ci na.

“Inna, ran nan a hanya kina ta magana ban ji ba. Me kike ce mini?”

Ta ce, “Ba da kai nake ba.”

Na ajiye tsumma.

“Tun ranan da na haife ta nake tara mata magana. Ba inda zan faɗa, ko'ina da kunne. Ran nan na ji abin nan ya rufe kunnen kowa, har nawa, sai na kira ta, na fara mata tun daga farko. Yadda ta zo, da ranan da aka ɗauke ta aka kai ma kakanku, da inda nake laɓewa in gan ta in ta je rijiya.” Ta gyara goyonta. “Mun iso Kawo ban ko kai aurenta ba. Kar ka sayar, Auta. Gobe Lahadi ne, ka kai ni in dubo awakina.”

Awakin maƙwabciya tana kula da su, ba abin da suke buƙata. Na kai ta. Na kai ta Lahadin da ta biyo baya, da ta bayanta, damina ta sauka muna tafe, mu fake mu ci gaba. Unguwa ta yi ta surutu, wai tsohuwa ta ɗanɗana babur ta kasa haƙura. Matata ma ta tambaye ni, na ce awaki ne. Da mun wuce Kawo sai in ji goshi a bayana, haɓa ta fara motsi. Na daina gudu. Na koyi riƙe mai daidai yadda ƙarar za ta rufe ta, ko a gangara ba na saki, kada shiru ya kama ta a tsakiyar magana. Ranar Asabar kuma ina tace fetur da farin ƙyalle, ina buɗe kafireta ko ba ta yi komai ba, don ban yarda ya sake mutuwa ya katse ta ba.

Ban taɓa ƙoƙarin saurare ba. Tsoro nake ji, gaskiya. Wani lokaci takan yi shiru jim kaɗan kamar mai jiran amsa, sannan ta gyaɗa kai a bayana ta ci gaba, ni kuwa in ji tsikar jikina ta tashi da rana tsaka, in kasa waiwayawa.

Kaka ta yi, dawa ta fara ja, wata Lahadi mun ɗan wuce Rigacikun sai na ji motsin ya tsaya. Na jira ya dawo, bai dawo ba. Ta ɗaga kanta daga bayana, iska ta bugi inda goshinta yake, wurin ya yi sanyi. Ta dafa kafaɗata. Na ratse gefen hanya na kashe inji, ba kowa sai gonaki hagu da dama.

Ta ce, “Juya mu koma gida.”

“Ba mu kai Katabu ba, Inna.”

“Na sani. Na kai inda take tambayana. Na ce mata ga ni na zo.” Ta goge fuska da bakin mayafi. “Na yafe mata, ita ma na roƙe ta. Ba sauran magana. Tayar mu tafi, yarinya na can za ta farka.”

Na buga ya tashi. Har muka isa gida tana zaune a miƙe, hannunta ɗaya a kafaɗata, tana kallon gonaki. Ba ta sake hawa ba har ta bar duniya.